Yadda ake sanya makullin sakata a ƙofar katako, mataki-mataki

Tambayar da aka fi yawan yi mini a 'yan kwanakin nan ita ce ta makullin nan da masu shago ke kira dedbolt: yaya ake sa shi, kuma mutum zai iya da kansa ko dole sai an kira kafinta? Za ka iya, muddin ƙyauren na katako ne, hannunka ya taɓa riƙe injin huda, kuma kana da haƙurin auna abu sau biyu. Idan wannan ne karonka na farko, ka ware masa yini guda daga hantsi, kada ka fara bayan La'asar, don kada dare ya same ka da ƙofa mai rami.

Makullin hannun da ke mafi yawan ƙofofinmu harshensa a karkace yake, kuma sifirin ne ke riƙe da shi, shi ya sa bakin wuƙa ko ɗan faifan roba ke iya tura shi baya. Shi kuwa wannan sakata ce ta ƙarfe zalla, babu sifirin, ba ta motsi sai an murɗa mabuɗi ko ɗan kunnen murɗawa da ke jikinta ta cikin ɗaki. Saboda haka zan riƙa kiransa makullin sakata.

Kafin mu shiga aikin, ga abin da ya sa na damu da wannan magana. Na taɓa shiga gidan wani maƙwabcina da asuba bayan ɓarayi sun fasa masa ɗaki. Makullinsa mai tsada ne, kuma ko ƙwarzane bai yi ba, sakatar na nan a miƙe kamar yadda ya kulle ta. Firam ɗin ne ya tsage. Ƙaramin farantin ƙarfen da sakatar ke shiga yana yashe a ƙasa, da sukurori biyu a jikinsa da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Duka ɗaya aka yi wa ƙofar. Don haka za ka ga na fi daɗewa a mataki na 8 fiye da saura.

1. Duba ƙofar kafin ka je kasuwa

Ƙwanƙwasa ƙyauren da bayan yatsa daga sama har ƙasa. Idan ka ji yana amo kamar ganga, irin ƙofar nan ce mai filawud a waje da rami a ciki. Ita wannan ta ɗakin cikin gida ce, kuma ko wane makulli ka sa mata, ƙafa ɗaya za ta ratsa ta. Idan ita ce a bakin falonka, sauya ƙyauren ya fi maka sayen makulli.

Sai ka auna kaurinsa. Yawancin makullan sakata an yi su ne don ƙyaure mai kaurin milimita 35 zuwa 45. Auna kuma faɗin katakon gefe, wato doguwar sandar da makulli ke zama a kanta. Babban ramin da za ka huda zai ci kusan santimita 9 zuwa 10 daga bakin ƙyauren, don haka sandar da ba ta wuce santimita 10 ba ta yi siriri.

Firam ɗin ma a duba shi. Soka bakin sukudireba a ƙasansa, kusa da daɓe, inda gara da danshi suka fi ci. Idan ya nutse kamar a cikin burodi, a fara gyara firam. Haka idan ƙofar tana jan ƙasa ko sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ɗaure hinjinta tukuna.

Gargaɗi: idan gidan haya kake, nemi izinin mai gida kafin ka huda masa ƙofa, ku kuma yi magana a kan wanda zai riƙe makullin ranar da za ka tashi. Idan kuwa ƙofarka ta ƙarfe ce, awon duk ɗaya ne, amma hudar da wurin shigar sakata aikin mai walda ne, ka kira shi.

2. Sayen makullin

Iri biyu za a nuna maka. Akwai mai mabuɗi a waje da ɗan kunnen murɗawa a ciki, akwai kuma mai mabuɗi ciki da waje. Masu shago sukan yabi na biyun, wai ko ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu ba zai buɗe ba. Gaskiya ne, amma ni ban yarda a sa shi a ƙofar da iyali ke kwana a bayanta ba. Gidajenmu tagoginsu duk da ƙarfen tsaro. Idan gobara ta tashi cikin dare, ga hayaƙi, ga duhu, ga yara, ƙofar nan kaɗai ce mafita, kuma ba lokacin laluben mabuɗi ba ne. Ɗauki mai kunne a ciki. Idan akwai taga kusa da ƙofar, tagar za a yi wa raga, ba iyali za a kulle ba.

A gaban mai shagon, buɗe kwalin, murɗa sakatar ta fito duka, ka auna ta. Ta kai milimita 25, wato inci ɗaya. Wadda ta gaza haka a bar ta. Ɗaga makullin ka ji nauyinsa, domin na jabu ba shi da nauyi, kuma mabuɗinsa yakan yi sagaga a cikin rami. Idan kwalin na ɗauke da darajar ANSI, ma'aunin Amurka ne mai hawa uku: daraja ta 1 ce mafi ƙarfi, ta 2 ta wadatar da gidan zama, ta 3 ita ce ta ƙasa. Amma rubutun kwali ba ya hana jabu, sunaye irin su Yale da Union ma ana kwaikwayonsu, don haka ka sayi a shagon da za ka iya komawa.

Abu na gaba shi ne tazarar da ke tsakanin bakin ƙyaure da tsakiyar babban rami. Biyu ce: milimita 60 ko 70. Makullai da yawa ana iya ja ko murɗa sakatarsu ta dace da kowacce. Ka zaɓi wadda ta yi daidai da makullin hannun da ke jikin ƙofar, don su tsaya a layi ɗaya. Tabbatar akwai takardar awo a cikin kwalin, da faranti biyu, da sukurori, da mabuɗai aƙalla biyu, kuma ka gwada kowane mabuɗi a wurin.

Maganar kuɗi kuwa, farashin waɗannan kaya yana bin dala, abin da aka faɗa maka a watan jiya ba shi ne na yau ba. Taya a shago uku kafin ka biya. A Kano akwai kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Abuja akwai Dei-Dei, kuma kowane babban gari yana da layin masu kayan gini. Kasafinka kashi huɗu ne: makullin, dogayen sukurori da faranti mai kauri, bakin huda guda biyu, sai ladan kafinta idan ka fasa yi da kanka. Idan kuɗin bai isa ba, gara ka sauko daga makulli mafi tsada zuwa matsakaici da ka bar kashi na biyu. Injin huda kuwa ba sai ka saya ba, aro ko haya ya isa.

3. Kayan aiki

Injin huda. Zarton da'ira mai faɗin milimita 54, wanda ake ɗaura wa injin, kafintoci na ce masa holso. Bakin huda mai faɗi na milimita 25. Siririn bakin huda na milimita 3. Kurfi mai kaifi, guduma, sukudireba, tef na awo, fensir, wuƙa mai kaifi, da sukurori masu tsawon milimita 75, wato inci uku, huɗu na farantin firam da ɗaya na kowane hinji. Idan bango na bulo ne, ƙara da bakin huda na kankare da robobin fisha, wato robobin da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama. Ka kuma tanadi 'yan guntayen katako biyu na tokare ƙofa.

Karanta takardar makullinka kafin ka sayi zarton, domin akwai ƙalilan da raminsu milimita 38 ne. Idan injin mai batir ne, cika shi tun dare. Idan mai waya ne, ka tabbata akwai wuta ko janareta, don ɗauke wuta a tsakiyar huda yakan sa zarto ya maƙale a katako.

4. Awo da sa alama

Buɗe ƙofar rabi, ka cusa guntayen katakon a ƙarƙashinta ta ɓangarorin biyu har ta daina motsi.

Makullin sakata yana zama sama da makullin hannu, tsakanin santimita 15 zuwa 30 daga tsakiyar hannun. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Makullin hannun da aka fi sa wa a ƙofofinmu irin wanda ake binne akwatinsa a cikin ƙyaure ne, kuma akwatin ya haura hannun da kake gani. Dubi farantinsa a bakin ƙyauren, ka ga inda ya ƙare, sannan ka ba da tazarar aƙalla santimita 5 tsakaninsa da gefen sabon ramin. Idan ka kusanta su, zarton zai ci karo da ƙarfe, kuma katakon da ya rage a tsakani zai yi rauni.

Naɗe takardar awon a bakin ƙyauren yadda aka zana, ka manne ta da salatif. Da ƙusa, huda alama biyu: ɗaya a fuskar ƙyaure, ɗaya a bakinsa, daidai tsakiyar kaurin. Cire takardar ka sake aunawa da tef. Idan babu takarda, ja layi a kwance da fensir ya zagayo fuska da baki da bayan ƙyauren, ka auna 60 ko 70 a kan layin.

5. Babban rami

Fara da siririn bakin huda, ka ratsa ƙyauren daga alamar har ya fito ta baya. Wannan ɗan ramin shi ne jagoranka ta fuskokin biyu. Riƙe injin a miƙe sosai. Idan da wani a kusa, ya tsaya a gefe ya riƙa gaya maka in hannunka ya sunkuya.

Yanzu ɗaura zarton da'ira. Fara a hankali har haƙoransa su zana da'ira cikakkiya, sannan ka ƙara gudu. Kada ka danna da ƙarfi, bar shi ya ci da kansa, kana ɗan fito da shi lokaci-lokaci don garin katako ya zube. Katako mai tauri irin maɗaci yakan yi zafi har ya yi hayaƙi, idan ka ga haka dakata ya huce.

Gargaɗi: kada ka ratsa ƙyauren gaba ɗaya ta fuska guda. Da zarar tsinin tsakiyar zarton ya leƙo ta baya, tsaya, ka zagaya ka ƙarasa daga can. A ƙofar farko da na yi wa wannan aiki ban san haka ba, zarton ya fito ta baya ya ɓalle fatar katakon kamar faɗin tafin hannu, kuma zoben makullin bai iya rufe tabon ba. Riƙe injin da hannu biyu, domin idan zarton ya cije, injin ne zai juya ya murɗe maka wuyan hannu.

6. Ramin sakata da mazaunin faranti

Da bakin huda na milimita 25, huda bakin ƙyauren daga alama ta biyu har ka faɗa cikin babban ramin. Wannan ita ce hudar da ta fi son nutsuwa. A ƙyaure mai kaurin 40, katakon da zai rage ta kowane gefe bai kai milimita 8 ba, ɗan kaucewa kaɗan zai fasa fuskar ƙofar. Wasu makullan suna son ramin ya ɗan zarce babban ramin, takardarka za ta faɗa.

Zura sakatar, ka daidaita farantinta ya tsaya a miƙe, ka zagaye shi da bakin wuƙa maimakon fensir, don yankan wuƙar yana hana katako tsagewa ya wuce layi. Fitar da ita. Da kurfi, sassaƙe cikin layin daidai kaurin farantin, kamar milimita 2 zuwa 3. Yi ƙananan sara a jere, sannan ka kwashe su a kwance. Ana so farantin ya kwanta daidai da katako, in ka shafa yatsa ba za ka ji tudu ba. Idan ka zurfafa da yawa, yanki ɗan kwali ka sa a ƙarƙashi.

Dubi jikin sakatar, yawanci akwai kibiya ko rubutun da ke nuna sama. Kada a kifa ta. Huda wa sukurorin ƙananan ramuka tukuna, sannan ka ɗaure.

7. Haɗa makullin

Sakatar tana ciki, ba a fito da ita ba. Ɗauko ɓangaren waje mai ramin mabuɗi, ka zura 'yar jelar ƙarfen da ke bayansa ta cikin tsagar da ke jikin sakatar. Kawo ɓangaren ciki, jelar ta shiga kunnen murɗawa. Dogayen sukurori biyu da ke haɗa su daga cikin ɗaki ake ɗaure su. Idan ka ga kan sukuru a waje, ka juya makullin.

Fara ɗaure su da yatsu, sannan sukudireba, kaɗan a wannan kaɗan a wancan. Kada ka sa inji a nan. Matsewa fiye da kima tana sa makulli tauri. Ƙofar tana buɗe, gwada da mabuɗi da kunne sau da yawa. Idan sakatar ta fito rabi ta tsaya, jelar ce ba ta zauna a daidai juyinta ba, kwance ka juya ta ka mayar.

8. Firam, inda ƙarfin yake

Shafa wa kan sakatar jan baki ko alli mai laushi. Rufe ƙofar yadda take rufuwa kullum, har harshen makullin hannu ya kama, sai ka murɗa sakatar ta dunguri firam. Tambarin da ta bari shi ne wurin raminka. Wannan dabarar ta fi awo da tef, domin tana nuna inda ƙofar take tsayawa da gaske.

Huda ramin milimita 25 a tsakiyar tambarin. Zurfinsa ya ɗan haura tsawon sakatar, kamar milimita 28 zuwa 30.

Gargaɗi: sakatar da ba ta fita har ƙarshe ba, ba ta kulle ba. Sai ta miƙe duka sannan abin da ke cikinta yake tokare ta. Idan ramin ya gaza zurfi, za ka ji kamar ka kulle, alhali ana iya tura ta baya da bakin wuƙa. Idan firam ɗin siriri ne ka ci karo da siminti, sa bakin huda na kankare ka ƙara zurfin.

Ɗora farantin, zagaye shi da wuƙa, sassaƙe mazauninsa kamar yadda ka yi a ƙyaure. Farantin da ke zuwa cikin kwali sau da yawa siriri ne mai ramin sukuru biyu. Idan ka samu mai kauri mai rami huɗu, saya. Idan ba ka samu ba, kai wa mai walda ya yanka maka ƙarfe mai kaurin milimita 3, tsawon kamar santimita 20, ya huda masa ramin sakata da ramukan sukuru huɗu. Dogon faranti yana raba ƙarfin duka a kan katako mai yawa, maimakon ya taru a wuri guda.

Gajerun sukurorin kwali kuwa a ajiye su gefe. Takardun makullan da aka yi don kasuwar Amurka suna cewa a sa sukuru mai inci uku ya kama katakon da ke cikin bango, domin gidajensu da katako ake tayar da su. Mu bayan firam ɗinmu bulo ne da siminti, sukuru ba zai shiga haka kawai ba, zai tsaya ko ya karye. Abin yi shi ne ka ratsa firam ɗin da bakin huda na katako, ka sauya zuwa na kankare ka ci gaba cikin bango, ka tura robar fisha har ta wuce katakon ta zauna a siminti, sannan ka ɗaura sukurun. Ɗan karkata hudar zuwa tsakiyar kaurin bango, don kada gefen bulo ya ɓalle. Idan injin ya faɗa fanko, ka shiga ramin bulo ke nan. Sai a ɗan fasa filasta a gefen, a cusa kwaɓin siminti mai ƙarfi, a bar shi kwana biyu ko uku kafin a sake hudawa. Aiki ne mai ɗan wahala, amma shi ne bambancin ƙofarka da ta maƙwabcin nan nawa.

Goga wa sukurorin sabulu su shiga da sauƙi. Kada ka matse su har firam ya lanƙwasa zuwa bango, in ba haka ba tazara za ta buɗe tsakaninsa da ƙyaure. Tunda kayan aiki na hannunka, cire sukuru ɗaya daga kowane hinji ta ɓangaren firam, ka maye shi da dogo. Ƙofa ta gefe biyu take riƙe.

9. Gwaji da gyaran ƙarshe

Rufe ƙofar ka kulle daga ciki, sannan ka bar wani a ciki ka fita ka gwada da mabuɗi. Ya kamata sakatar ta shige da murɗawar yatsu biyu kawai, ba tare da ka tura ƙofar da kafaɗa ko ka jawo ta ba. Idan tana gogar faranti, sake shafa jan bakin ka ga gefen da take taɓawa, ka ci wurin da magagari kaɗan-kaɗan. Kada ka bar shi a kan cewa zai saba. Makullin da ake kokawa da shi, mutanen gida daina kulle shi suke yi, ko kuma wata rana mabuɗi ya karye a ciki.

Ka tuna da yanayi. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu. Idan a cikin hunturu ka yi aikin, bar wa sakatar 'yar sarari kamar milimita 1 zuwa 2 a kowane gefe na ramin faranti, don watan Agusta na zuwa. Shafa fenti ko vanish a cikin ramukan da ka huda, danshi ta nan yake shiga.

Ƙurar hunturu kuma tana cika ramin mabuɗi. Kada a ɗura masa man gyaɗa ko baƙin mai, suna kama ƙura su zama laka. Goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin, ka zura ka fitar sau biyar ko shida, garin fensirin ya isa.

Mabuɗan da suka zo da makullin, ware ɗaya ka adana shi ba tare da an yi amfani da shi ba, don in za a yanka wani a yanka daga gare shi, kwafin kwafi ba ya daɗewa yake fara gardama. Kada a bar mabuɗi a ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa ko a saman firam. A ba wa wani amintacce a maƙwabta. Sannan a tara yaran gida da tsofaffi, kowa ya murɗa kunnen nan da hannunsa, ya buɗe ya rufe, har da fitila a kashe.